Hadarin Sama da Hadarin Ƙasa: Ƙanƙarar 1788 da Faɗuwar Sarautar Faransa

Gabatarwa

Ina ɗan shekara tara na fara ganin ruwan ƙanƙara. Da la'asar ne, a farkon damina, bayan an wuni ana gumi kamar an lulluɓe garin da bargo. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, can sai muka ji kwanon ɗakinmu ya ɗauki ƙara kamar ana watsa masa tsakuwa. Mu yara muka fita da kwanoni muna tsinta muna tsotsa, muna ta shewa. Kakana kuwa yana zaune a bakin zaure bai ce uffan ba. Ruwa na ɗaukewa ya ɗauki sandarsa ya nufi gona. Da ya dawo sai ya yi hamdala, ya ce geron bai wuce gwiwa ba tukuna, zai farfaɗo. Da a ce ya fid da kai ne, da sai dai a yi wa juna jaje.

Maganar nan ta faɗo mini a rai a shekarata ta ƙarshe a jami'a, lokacin da nake karatu a kan juyin juya halin Faransa. Duk ɗalibin tarihi ya san ranar 14 ga Yulin 1789, ranar da mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastil. Abin da ban sani ba sai a lokacin shi ne, shekara guda da kwana ɗaya kafin wannan rana, an yi wani hadari da ya sauke ƙanƙara a kan gonakin da ke ciyar da birnin, daidai lokacin da alkama ta nuna tana jiran lauje. Wato abin da kakana ya ji tsoro, shi ya sauka a kan manoman Faransa. Wannan muƙala za ta bi sawun hadarin, daga yadda ya haɗu a sama zuwa abin da ya tarar a ƙasa, domin a auna rabon da yanayi ya ɗauka da rabon da mutane suka ɗauka a cikin abin da ya biyo baya.

Gajimare ɗaya, ƙasa daban-daban

Ko'ina a duniya, kayan haɗin hadari mai tsawa iri ɗaya ne. Rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kusa da ƙasa ta yi zafi ta cika da laima, sannan ta tashi sama. Tana hawa tana hucewa, tururin da ke cikinta ya koma ɗigon ruwa, gajimare ya yi ta tsiri har ya kai inda sanyi ke daskarar da ruwa. Shi ya sa gumin da ke hana mutum barci shi ne kan yi wa hadari sallama. Idan iskar da ke hawa tana da ƙarfi, takan riƙe ƙwayar ƙanƙara a can sama, ruwa yana manne mata yana daskarewa ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, har nauyinta ya fi ƙarfin iskar ta faɗo.

Bambancin yana ga wurin da hadarin ya haɗu da kuma lokacin da ya zo. A bakin teku kamar Legas, laima ta yi yawa, tsawa ba ta yankewa, amma da wuya a ga ƙanƙara, domin iska mai ɗumi tana da kauri, ƙwayar kan narke kafin ta iso ƙasa. A tudu kamar Jos an fi ganinta, saboda hanyarta ta fi gajarta. A tsakiyar Sahara kuwa, inda zafi ya fi na ko'ina amma iska ta bushe, gajimare kan haɗu ya saki ruwa, ruwan ya ƙafe a sarari bai taɓa ƙasa ba. A ƙasarmu, iska mai laima daga teku ce ke hawowa arewa ta ture busasshiyar iskar hamada, hadari ya biyo daga gabas, manomi ya tarbe shi da murna domin shuka yake jira.

A arewacin Faransa lissafin ya juye. Ana shuka alkama wajen Oktoba, ta kwana cikin sanyin hunturu, ta tashi a watannin Afrilu da Mayu, a girbe ta a ƙarshen Yuli da Agusta. Watannin zafinsu su ne watannin girbinsu, kuma su ne watannin tsawa. Idan iska mai zafi ta hauro daga wajen Sifaniya ta kwanta a kan ƙasar, sannan iska mai sanyi ta kutso daga tekun Atlantika, haɗuwar biyun kan haifar da hadari mai gudu daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Baƙin gajimaren da manominmu ke ɗaga hannu yana roƙo a watan Yuni, shi manomin Faransa ke kallo gabansa na faɗuwa a watan Yuli.

Safiyar Lahadi

Shekarar 1788 tun farko ba ta zo wa manoma da daɗi ba. Ruwa ya yi yawa a lokacin shukar 1787, sannan fari da zafi suka biyo baya a daidai lokacin da alkama ke buƙatar laima, har ƙwayar ta tsotse a wurare da yawa. Abin da ya tsira shi aka zuba wa ido. Kwanakin da suka gabaci 13 ga Yuli an yi zafi mai tsanani da gumi.

Ranar Lahadi ce, mutane na shirin zuwa coci. Hadarin ya taso daga kudu maso yammacin ƙasar da sassafe. Da ƙarfe shida da rabi yana kusa da garin Loches, da bakwai da rabi ya iso Chartres, tsakiyar yankin Beauce wanda shi ne rumbun Paris. Da ƙarfe takwas ya dira a Rambouillet, inda Sarki Luwi na 16 ke da fadar da yake sauka idan ya fita farauta, ya farfasa dubban gilasan taga da fale-falen rufi. Da takwas da rabi ƙanƙara na zuba a unguwar Saint-Antoine ta birnin Paris, unguwar kafintoci da leburori, wadda kurkukun Bastil ke tsaye a bakinta. Da ƙarfe sha ɗaya ya kai Douai a arewa, ya ƙetare ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, da biyu da rabi na rana yana Utrecht ta ƙasar Holan. Gudunsa ya haura kilomita 60 a awa.

Ƙanƙarar ta zuba ne a layi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya fi ɗaya faɗi, tsakaninsu kuma ruwa ne zalla. A kowane wuri ba ta wuce minti bakwai zuwa takwas tana sauka ba. An auna ƙwayoyin da nauyinsu ya kai kusan kwatan kilo. Cikin waɗannan 'yan mintoci alkama ta kwanta ta tattake, gonakin inabi suka zama karmami, itatuwa suka kakkarye, tsuntsaye da ƙananan dabbobi suka mutu a fili. Wahalar wata tara ta tafi kafin a gama karin kumallo.

Mun san waɗannan bayanai dalla-dalla ne saboda Cibiyar Kimiyya ta Paris ta ɗora wa mutum uku aikin bincike: Tessier masanin noma, da Le Roy masanin lantarki, da Buache mai zanen taswira. Suka tattara rahotanni daga garuruwa, suka jera lokacin isar hadarin a kowane wuri, suka zana hanyarsa a taswira. Lissafinsu ya nuna gundumomin coci 1,039 ne abin ya shafa a Faransa, asarar kuma ta kusa livre miliyan 25, livre kuwa shi ne kuɗin ƙasar a wancan zamani. Faransa ba ta rasa masana ba. A ƙauyen Marly-la-Ville ne aka fara tabbatarwa, a watan Mayun 1752, cewa walƙiya lantarki ce, bisa shawarar Benjamin Franklin na Amurka, kuma kafin 1788 an fara kafa ƙarfen kare aradu a kan manyan gine-gine. Sai dai ƙarfen da ke kare hasumiya daga tsawa ba ya kare gona daga ƙanƙara. Abin da ke kare manomi bayan ɓarna shi ne ajiya da sassauci, su kuwa a hannun hukuma suke.

Rumbu da baitulmali

Abin da hadarin ya tarar a ƙasa ya fi shi muni. Faransa na da mutane kimanin miliyan 28, mafi yawansu a karkara. Al'umma ta kasu rukuni uku: malaman coci, da masu sarauta, da sauran jama'a. Rukuni biyu na farko suna da filaye masu yawa, amma an ɗauke musu babban harajin da talaka ke biya. Manomi kuwa yana biyan sarki, yana ba coci ushiri daga amfanin gonarsa, yana kuma ba ubangidan ƙasa nasa kason. Tattabarun ubangida da zomayensa na iya cin shukarsa, doka ta hana shi taɓa su. A shekarar albarka yakan ɗan rage abin kaiwa kasuwa. A shekarar ɓarna sai ya koma mai sayen hatsi, a daidai lokacin da hatsin ya fi tsada.

Baitulmali ma a bushe yake. Taimakon da Faransa ta ba Amurkawa a yaƙinsu na neman 'yanci daga Ingila, daga 1778 zuwa 1783, ya ci fiye da livre biliyan ɗaya, akasarinsa bashi. Zuwa 1788 kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa yana tafiya ne wajen biyan bashi da ruwansa. Tun 1786 ministan kuɗi Calonne ya shaida wa sarki cewa ba mafita sai kowa ya biya haraji, manya suka ƙi. A watan Yunin 1787 kuma aka saki cinikin hatsi, har da izinin fitar da shi waje, saboda haka rarar shekarun baya ta bi jiragen ruwa ta tafi. Da ƙanƙara ta sauka, babu ajiyar kirki a rumbu, babu kuɗin kirki a taska. Dabarar da gwamnati ta iya fitowa da ita domin tallafa wa waɗanda abin ya shafa ita ce shirya caca, a sayar da tikiti a tara kuɗi.

Mako biyar bayan hadarin, ranar 16 ga Agusta, baitulmali ya dakatar da biyan wani ɓangare na basussukansa da tsabar kuɗi. Kafin wannan da kwana takwas, sarki ya amince zai kira babbar majalisar rukunoni uku, wadda rabon da ta zauna tun 1614. A ƙarshen watan aka dawo da Necker, ma'aikacin banki ɗan Geneva, kan kujerar kuɗi. Ya hana fitar da hatsi, ya shiga sayowa daga waje, amma an riga an makara.

Sai hunturu ya zo ya ƙarasa abin da zafi da ƙanƙara suka fara. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu sanyi bai sassauta ba. A ranar ƙarshe ta 1788 ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 21 a ƙarƙashin sifili a Paris. Kogin Seine ya daskare. Jiragen dakon hatsi suka maƙale, injinan niƙa masu aiki da ruwa suka tsaya, ta yadda ko inda akwai alkama babu gari. Burodi mai nauyin kusan kilo biyu, wanda ake sayarwa sou 9 a watan Agustan 1788, ya kai sou 14 da rabi a Fabrairun 1789. Sou 20 ke yin livre ɗaya. Masanin tarihi George Rudé ya lissafa cewa leburan gini da ya saba kashe rabin abin da yake samu a kan burodi, ya koma kashe kusan kashi 80 cikin 100. Wanda kuɗinsa ya ƙare a burodi ba ya sayen tufa ko kujera, don haka masaƙa da kafintoci suka rasa ciniki, aka sallami ma'aikata, mabarata suka cika hanyoyi.

Hadarin ƙasa

Hausawa na cewa hadarin ƙasa maganin mai kabido. Kabido na tare ruwan da ya zo daga sama ne kawai. Masu mulkin Faransa suna da rufi da itacen jin ɗumi da farin burodi, ƙanƙara da sanyi ba su taɓa jikinsu ba. Abin da ya taso musu daga ƙasa shi ne ba su da kabidonsa.

A cikin wannan yunwa aka gudanar da zaɓen wakilan majalisa. Bisa al'ada, kowace gunduma ta zauna ta rubuta koke-kokenta domin a kai wa sarki, aka tara dubban takardu. Wato gwamnati da kanta ta tara mayunwata, ƙauye bayan ƙauye, ta ce su faɗi abin da ke damunsu da wanda ya jawo shi. Suka ambaci haraji da ushiri da tattabarun ubangida. A watannin Maris da Afrilu aka yi ta tare amalanken hatsi a kasuwanni. A ƙarshen Afrilu mutanen unguwar Saint-Antoine suka far wa gidan wani mai masana'antar takardar bango, Réveillon, bisa jita-jitar cewa yana son a rage lada. Sojoji suka buɗe wuta, aka kashe mutane da dama.

Majalisa ta zauna a Versailles ranar 5 ga Mayu. Ranar 17 ga Yuni wakilan talakawa suka ayyana kansu a matsayin majalisar ƙasa. Duk wannan na faruwa ne a lokacin da kowane manomi ya sani, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Binciken Ernest Labrousse a kan farashi ya nuna cewa tsadar hatsi ta kai ƙololuwarta a tsakiyar Yulin 1789. Ranar 11 ga wata sarki ya sallami Necker, mutumin da jama'a ke gani shi ne ke tsakaninsu da masu ɓoye hatsi. Aka ƙona shingayen karɓar kuɗin shiga da kaya da ke kewaye da birnin. Ranar 13 ga Yuli, shekara guda cif da saukar ƙanƙara, jama'a suka fasa gidan ibada na Saint-Lazare suka fito da hatsi amalanke fiye da hamsin suka kai kasuwa. Washegari suka nufi Bastil neman albarushi. Fursunoni bakwai kacal aka samu a ciki. Da yawa daga cikin waɗanda suka fasa ƙofar masu sana'ar hannu ne na unguwar da ƙanƙara ta ratsa.

Daga nan wutar ta bazu karkara, manoma suka shiga gidajen iyayen gidansu suna ƙona takardun da ke ɗauke da lissafin abin da ake binsu. A daren 4 ga Agusta majalisa ta soke gatancin masu sarauta da ushirin coci. Ranar 5 ga Oktoba dubban matan Paris suka taka kimanin kilomita 20 cikin ruwan sama zuwa Versailles suna neman burodi, washegari suka taso sarki da iyalinsa a gaba zuwa Paris. Bai sake komawa fadar ba. An soke sarauta a watan Satumban 1792, aka kashe shi ranar 21 ga Janairun 1793.

Rabon sama da rabon mutane

Labarin na da daɗin da zai sa mutum ya ce ƙanƙara ce ta kayar da sarki, na kuma taɓa faɗin haka a gaban malamina, ya tambaye ni gundumomi nawa ne a Faransa. Kimanin 40,000 ne. Waɗanda ƙanƙara ta taɓa ba su kai uku cikin ɗari ba. Emmanuel Le Roy Ladurie, wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin tarihin yanayi, ya fi ɗora raguwar amfanin 1788 a kan fari da zafin da suka game ƙasa baki ɗaya. Muhimmancin ƙanƙarar yana ga inda ta sauka, wato gonakin da ke ciyar da babban birni, da kuma tsoron da ta jefa a zukatan masu saye da masu sayarwa. Rikicin siyasa ma ya girme ta: tun ranar 7 ga Yunin 1788 mutanen Grenoble suka jefi sojojin sarki da fale-falen rufi.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Yunwar 1693 zuwa 1694 ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a Faransa, sanyin 1709 ya kashe dubban ɗaruruwa, amma Luwi na 14 ya mutu a kan gadonsa yana sarki. A 1775 an yi boren gari a kewayen Paris, sojoji suka kashe wutar cikin 'yan makonni. A 1789 mutanen da yunwa ta kashe kai tsaye ba su kai ko kusa da na waɗancan shekaru ba, sai ga shi sarautar ce ta mutu. Abin da ya sauya shi ne tsadar ta tarar da gwamnati ba ta da kuɗi, manya sun rabu, jama'a kuma sun daina ɗaukar yunwa a matsayin ƙaddarar da ba a tambayar kowa a kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka ba zan ce yanayi bai taka rawa ba. Lauyoyi da 'yan kasuwar da suka ayyana majalisar ƙasa ba su da rundunar da za su tare sojojin da sarki ya tara a kewayen Paris. Yunwa ce ta ba su ita. Da girbin 1788 ya yi kyau, mai yiwuwa da rikicin ya tsaya a zauren majalisa tsakanin masu takalma. Zafi da ƙanƙara da sanyi su suka sa rikicin kuɗin gwamnati da rikicin tukunyar talaka suka faɗo a wata guda.

Kammalawa

Mu a Sahel ba baƙi ba ne ga irin wannan lissafi. Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya game ƙasashe da yawa, amma da sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a Nijar ranar 15 ga Afrilun 1974, babban abin da suka kafa hujja da shi shi ne yadda aka tafiyar da abincin agaji. Ba a tuhumi kowa da hana ruwa sauka ba. Abin da aka yi da hatsin da ke hannu shi aka tambaya.

Kakana bai karanta tarihin Faransa ba, amma yana da rumbun da ba a buɗewa sai damina ta yi nisa, komai kukan da muka yi na son fura. A lokacin ina ganin rowa ce. Tessier da abokan aikinsa sun iya faɗin ƙarfe nawa hadari ya isa kowane gari, yau kuma tauraron ɗan Adam na iya hango shi tun bai haɗu ba, amma har yanzu ba wanda ya iya mayar da shi. Minti takwas ƙanƙara ta yi a kan kowace gona. Shekarun da suka gabace su, waɗanda aka yi ana cin bashi ana fitar da hatsi ana ɗauke wa masu hali haraji, su ne suka yanke abin da mintocin nan za su zama.